Ciwo hagu, shanyewa dama: don Allah masana a yi muna bayani

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, barkanmu da war haka. Don Allah ina da tambaya ga waɗanda sunka san aikin jikin ɗan Adam, ko likita ko nas ko ɗalibi, dut wanda Allah ya ba sani shi taimaka muna.

Babanmu shina da hawan jini da daɗewa. Satin da yaw wuce da sahe mun shiga gaishe shi sai munka ga hannunai na dama ya saki, ƙahwar dama ba ta ɗaukatai, baki ya karkace, magana kuma ta ƙi hita. Munka kai shi asibiti anka yi hoton kai, likita yac ce jijiyar jini ta tat toshe ga ɓangaren HAGU na ƙwaƙwalwa. To nan kaina yaɗ ɗaure wallahi. Ciwo hagu, shanyewa dama, ƙaƙa haka? har baffanmu na cewa ƙila hoton wani na anka ba mu, ko kuwa juya shi anka yi.

Abin da ya hi ba ni mamaki kuma, dut abin da kac ce mai shina ganewa, in kac ce Baba ɗaga hannun hagu sai shi ɗaga, amma shi hwaɗi sunana ya gagara, sai shi yi ta ƙoƙari har hawaye su zo mai. Amma in anka ja mai Fatiha sai ka ji shina bi, kalmomi na hita. Sannan hannun da ɗumi nai, jini na gudana, ba rauni ba karaya, to mi yam mutu ciki? kuma shin abin na sake tohowa? Gida an kasu biyu, tsohinmu sun ce marin iska na, don an taɓa yin wani maƙwabcinmu da bakinai yak karkace anka yi mai rubutu yaw warke sarai. Ni dai so nike in gane yadda abin ke aiki tun daga tushe.

Ɗalibar Likita:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Yaya ka kwantar da hankalinka, hoton nasa ne kuma ba a juya ba, haka Allah ya tsara jikin kowa. Ni ɗaliba ce a kwalejin likitanci ta jami'ar Usmanu Danfodiyo, bari in faɗi abin da na sani daga tushe kamar yadda ka nema.

Hannu ba ya motsa kansa, umarni yake jira. Cibiyar umarnin ita ce ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki kenan, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da abincin da jini ke rabawa, kuma ba ta da ajiya, shiyasa in jini ya tsaya mata na ƴan mintuna sai ɓarna ta fara. A cikinta akwai ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86. Laka kuma ita ce ta zarce daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi cikin ramin ƙashin baya, tsawonta wajen santimita 45, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Daga laka jijiyoyin saƙo ke fita bibbiyu hagu da dama har jeri 31, daga ƙwaƙwalwa kai tsaye kuma jeri 12 ke fita, su ne na ido da kunne da hanci da fuska da harshe da maƙogwaro. Waɗannan ba jini ke bi cikinsu ba, saƙo ne zalla, wasu na kai labari sama, zafi, sanyi, taɓawa, wasu na sauko da umarni zuwa tsoka.

Ita ƙwayar saƙon tana da jiki ɗan mitsitsi da dogon zare, wata zarenta ya kai mita guda, daga ƙasan baya har babban yatsan ƙafa. Saƙon wani ɗan lantarki ne da jiki ke haɗawa da gishirin da ke cikinsa, kuma zaren a naɗe yake da wani farin kitse da ake kira mayalin, kamar robar da ke jikin wayar wuta, da shi saƙo ke gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa guda, zaren da ba shi da naɗin kuwa da ƙyar yake yin mita 2. In saƙo ya kai ƙarshen zare ba ya taɓa ƙwaya ta gaba, akwai ɗan gibi tsakani, sai ta fesa wani sinadari ya tsallaka ya tada ta gaba. Wani likitan Sifen, Santiago Ramon y Cajal, shi ya dage cewa ƙwayoyin a rarrabe suke ba a haɗe ba, kuma ya samu kyautar Nobel a 1906 a kan wannan aikin.

Toh ga amsar tambayarka. Umarnin motsi yana tasowa daga saman ƙwaƙwalwa ya gangaro, in ya iso gindinta, daidai saitin ƙeya inda take haɗuwa da laka, sai zaruruwan su gitta, kusan kashi 85 zuwa 90 na waɗanda suka taso daga hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Saƙon ji ma haka yake gittawa in zai hau. Saboda haka ƙwaƙwalwar hagu ita ke riƙe da jikin dama. Hannun Baba lafiyarsa ƙalau, tsokar na nan, jijiyar hannun na nan, wurin da ke aiko musu umarni ne ya rasa jini.

Maganar kuma, a wajen sama da kashi 90 na masu aiki da hannun dama, wurin haɗa magana yana ɓangaren hagu ne, gaba kaɗan, kusa da wurin da ke motsa fuska da hannun dama, kuma jijiyar jini guda ke shayar da su, shiyasa kake yawan ganin shanyewar dama tafe da ɗaukewar magana. Wani likitan Faransa Paul Broca ya nuna haka a 1861 a kan wani majinyaci da yake gane magana amma ba ya iya faɗin komai sai gaɓa guda, tan. Wurin fahimtar magana daban yake, can baya kaɗan saitin kunne, kuma da alama na Baba ya tsira tunda yana bin umarni. Fatihar da yake bi ma sananne ne, abin da harshe ya haddace ya maimaita shekara da shekaru, ƙirga, gaisuwa, karatu, yakan fita ko da ƙirƙirar sabuwar magana ta gagara. Don Allah kar a riƙa magana a kansa a gabansa kamar ba ya nan, yana ji kuma yana ganewa, hankalinsa bai tafi ba.

Hajiya ta Runjin Sambo:

Subhanallah, Allah shi ba shi lahiya ɗana, Allah shi ba ku ladan jinya. Ɗiyata likita Allah shi yi miki albarka kin yi bayani. Amma ni hwa maganar tsohinku ba ni yada ta, don ƙanena ya kwana lahiya lau ya tashi baki ya koma gehe guda, ido guda bai ruhewa, ruwa na zuba in shina sha, kuma ba asibitin da anka je, addu'a da hayaƙi anka yi mai kuma wallahi kahin wata biyu ya koma daidai. To in ƙwaƙwalwa ta tat taɓu ƙaƙa yaw warke haka nan?

Nas Arkilla:

Hajiya ina wuni, abin da kika faɗa gaskiya ne ya faru kuma yana faruwa sosai, sai dai ciwo biyu ne masu kama da juna, kuma rashin rarrabe su na ci mana mutane. Na ƙanenki ba ƙwaƙwalwa ba ce, jijiyar fuska ce, ta bakwai cikin jeri 12 ɗin nan da ƙanwata ta ambata, tana fitowa ta wani matsattsen rami a ƙashin bayan kunne, in ta kumbura sai ramin ya matse ta, rabin fuska ya saki. Mafi yawan masu shi suna warkewa cikin makonni zuwa ƴan watanni ko da ba su sha komai ba, duk da akwai maganin rage kumburi da ke ƙara taimakawa in an fara shi cikin kwana 3 na farko, kuma dole a kula da idon da ba ya rufuwa kar ya bushe, balle da ƙurar hunturunmu.

Ga yadda muke dubawa, kowa ma zai iya. Ka ce ma mutum ya ɗaga girarsa ya tattara goshi. In na jijiyar fuska ne, rabin goshin ba zai motsa ba kuma ido ba zai rufu ba. In daga ƙwaƙwalwa ne yawanci goshi na motsi duka biyu, ido na rufuwa, ƙasan fuska ne kawai ya saki, saboda goshi yana samun umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Sannan a ce ya ɗaga hannu biyu, a ce ya yi magana. In hannu guda na faɗuwa ko magana ta kakkarye to ba zama, ba jiran gari ya waye, ba jiran babban yaya ya dawo daga kasuwa. In ma ana kokwanto gara a je a duba. An ƙiyasta cewa in babbar jijiyar jini ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa duk minti, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa 4 da rabi na farko take aiki.

Abu biyu nake roƙon mutanenmu. Na ɗaya kar a ba shi asfirin ko wani maganin tsinka jini kafin hoto, domin wani toshewa ce wani kuma fashewar jijiyar jini ce, daga waje ba ka iya bambancewa, kuma fashewar ta fi yawa a yankinmu fiye da ƙasashen Turawa saboda hawan jinin da ba a kula da shi. Na biyu, wanda ya fi damuna, ɗura. Haɗiya ma aikin jijiya ce, a lafiyayye in ya haɗiya hanyar iska na rufewa da kanta, a mai shanyewa sau da yawa ba ta rufewa da kyau, sai a ɗaga kansa a ɗura masa rubutu ko kunu ko fura da niyyar alheri abin ya wuce huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso, wasu wannan ke kashe su ba shanyewar ba. Ba wanda ya hana addu'a, mu ma muna yi, a yi tofi a shafa, a karanta masa Alƙur'ani, amma baki a bari sai an gwada haɗiyarsa.

Ɗan Mabera:

Nagode ƙwarai Allah shi saka da alheri, yanzu na je na gwada, goshin Baba na motsi dut biyu kuma ido na ruhewa. Na karanta ma baffa bayanin gittawar ga ya yi shiru shina ta tasbihi. Haɗiya an gwada tun asibiti sun ce abu mai kauri za a riƙa ba shi. Saura tambaya ta tohowa, kuma jiya da yay yi hamma mun ga hannun ya ɗaga da kainai, Innarmu har ta yi kabbara, shin alamar dawowa ta?

Mai Gashin Ƙashi:

Slm ɗan'uwa, Allah ƙara sauƙi. Ni aikina kenan kullum don haka zan faɗa maka tsakani da Allah. Ɗagawar hannu lokacin hamma muna ganinta wajen masu shanyewa, ba umarnin Baba ba ne, wasu hanyoyi ne na gindin ƙwaƙwalwa da ba su taɓu ba suke motsa shi. Ba alamar sharri ba ce amma kar a auna warkewa da ita, abin da muke nema shi ne a ce masa motsa yatsa ya motsa da niyyarsa ko da kaɗan ne.

Ka san ba komai ke jiran saman ƙwaƙwalwa ba. In ka taka garwashi ƙafarka ta ɗauke kafin ka san me ka taka, saƙon laka ya je ya juyo, daga baya labari ya isa sama ka ji zafin. Bugun da likita ke yi ƙasan gwiwa da ƴar gudumar roba ƙafa ta harba, wannan yake gwadawa. A lafiyayye ƙwaƙwalwa na danne wannan harbin, in ta daina sai laka ta yi yadda take so, shiyasa bayan makonni za ka ga hannun da ya saki laƙwas ya fara ƙagewa, gwiwar hannu ta lanƙwashe yatsu su dunƙule. In ba a miƙe gaɓoɓin kullum haka za su daskare. Bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci da zufa su ma tsarinsu daban, suna tafiya ko kana barci, cibiyar numfashi da zuciya a gindin ƙwaƙwalwa take, shi ya sa duka a ƙeya ko faɗuwa daga kabu-kabu ba hular kwano ke da mugun haɗari.

Batun tohowa. Jijiyar da ke waje, ta hannu ko ƙafa, in ta yanke aka ɗinke tana tohowa a hankali wajen milimita 1 a rana, wato kusan inci guda a wata. Amma ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na laka in sun mutu ba sa dawowa. To me ke sa mutane na samun sauƙi? na farko kumburin da ke kewaye da wurin na saɓewa, ƙwayoyin da suka suma ba su mutu ba su farfaɗo. Na biyu maƙwabtan wurin na koyon aikin, suna ƙulla sabbin hanyoyi tsakaninsu, kuma maimaici ne kaɗai ke ƙulla su. Wata 3 zuwa 6 na farko nan aka fi samun ci gaba, bayan nan ma ana samu amma a hankali. Ƙafa ta fi saurin dawowa, yatsun hannu su ne ƙarshe. Matsalar da nake gani a gidajenmu ita ce tausayi, a kwantar da dattijo a hana shi komai, a ba shi abinci a baki a sa masa hula, ana ganin ladabi ne, alhali kowane ƙoƙari da ya yi da hannun nan magani ne. Ku bar shi ya gwada riƙe carbi da dama, ku riƙa zama ta ɓangaren daman kuna masa hira. Kar a ja shi ta hannun da ya shanye in za a tada shi, kafaɗar ba ta da tsokar da ke riƙe ta yanzu, tana iya gocewa. A riƙa juya shi duk awa 2 in bai iya juyawa saboda gyambon kwanciya. Kuma kar a gasa masa da ruwan zafi ko garwashi, ɓangaren ba ya jin zafi daidai, sai ya ƙone bai sani ba. Maganin hawan jini kuma ba fashi ko ya miƙe.

Bawan Allah Gidan Igwai:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar laka. Lokacin sanƙarau na 2017 da yawa unguwarmu sun ƙi yarda a ɗebi ruwan bayan ɗiyansu, ana cewa allurar na soke laka yaro shi gurgunce ko shi mutu. Har yau in anka ce za a ɗebi ruwan baya mutane gudu sukai. Mi ag gaskiyar abin?

Ɗalibar Likita:

Malam wannan tsoron ya daɗe kuma ya kamata a yi maganarsa a fili. Waccan annobar daga Zamfara ta faro ta shigo Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, sama da mutum 1,000 suka rasu a ƙasar. Ƙwaƙwalwa da laka a lulluɓe suke da fatu uku, tsakaninsu akwai wani ruwa garai-garai wajen mililita 150, kuma jiki na yin sabo kusan mililita 500 kullum yana shanye tsohon. Sanƙarau kumburin waɗannan fatun ne, shi ke sa wuya ya sanƙare, kuma a ruwan ne ake ganin ƙwayar cutar a san maganin da ya dace da ita.

Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. A babban mutum tana ƙarewa a ƙashin ƙugu na ɗaya zuwa na biyu cikin biyar ɗin da ke nan, daga nan ƙasa sai saiwoyin jijiya da ke yawo cikin ruwa. Allurar kuma tsakanin na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar ake sa ta, ƙasa da inda laka ta tsaya, a jarirai ma da lakarsu ta ɗan fi sauka ana ƙara yin ƙasa. Abin da ake ɗiba bai fi cokali ɗaya zuwa biyu ba, cikin awa guda jiki ya mayar. Ta wannan hanyar ce ake yi wa mata allurar kashe ƙasan jiki in za a yi musu tiyatar haihuwa, su tashi su taka. Abin da ya fi biyo baya ciwon kai ne na ƴan kwanaki, kuma akwai majinyacin da likita zai ce ba za a yi masa ba sai an yi hoton kai tukuna. Yaran da aka gani sun rasu ko sun kurumce bayan ɗibar, ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsu, domin sanƙarau da kansa yana lalata jijiyar ji, kuma sau da yawa sai ya yi tsanani ake kawo su.

Nas Arkilla:

In dai allurar da ke gurgunta yaro ake nema to ta ɗuwawu ce a hannun wanda bai iya ba. Babbar jijiyar ƙafa, wadda ta fi kowace kauri a jiki, ta tsakiyar ɗuwawu take bi ta gangara bayan cinya, in allura ta same ta yaro zai ƙwalla ƙara nan take, daga baya ka ga tafin ƙafa ya saki yana jan yatsu a ƙasa, sai a ce shan inna ne. Shan inna daban, ƙwayar cutar ƙwayoyin motsi na cikin laka take ci, ƙafa ta saki amma yaro na jin taɓawa, na allura kuwa har jin yakan tafi ko ya bar zugi. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya a kai shi a duba a ɗauki bayan gidansa, duk da an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a 2020 ana ci gaba da sa ido. Ƙananan yara a gefen cinya ta waje ake musu allura, manya kuma in ɗuwawu ne a raba shi huɗu a sa a kashin sama na waje.